Takobi ɗaya ya fito sau uku a rahoton kayan gidan tarihi

Sa'adatu, Garwa:
Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da rajistar wani ƙaramin gidan tarihi a nan Garwa. Bayanan kayanmu suna cikin Access, manhajar adana bayanai a kwamfuta, wani ɗalibi ne ya tsara mana shi shekarun baya, ya kama gabansa. An ce mu miƙa jerin kaya kafin ƙarshen wata, sai na ga adadin rahoton ya kusa ninka na littafi. Takobi mai kuben jar fata, lamba 1987.4.2, ya fito sau uku: sito, zauren nuni, sito kuma. Ga shi a gabana, guda ɗaya tal. Sannan wata ƙwarya mai zane da wani sirdi duk sun fito da lamba 1987.1, alhali a littafi lambobinsu daban. Abokin aikina ya ce mu goge waɗanda suka maimaitu mu huta. Hankalina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Malam Buba, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, don Allah kada ki goge komai. Takobin nan sau ɗaya aka shigar da shi, rahoton ne ke ninka shi. Galibi akwai tebur na kaya, akwai wani daban na inda aka kai kowane abu. Idan rahoto ya haɗa su bai zaɓi layi ɗaya ba, duk sauyin wuri sai ya fito kamar sabon abu. Takobinki ya shiga sito, an kai shi nuni, an mayar da shi: layi uku ke nan.

Ki buɗe teburin kayan shi kaɗai ki nemi lambar. In sau ɗaya ta fito, bayananki lafiya lau. DISTINCT, umarnin da ke cire layukan da suka zo iri ɗaya, ba zai yi maganin wannan ba, tunda wuraren sun bambanta. Sai a sa tambayar da ke zaƙulo wa rahoton bayanai (query) ta ɗauko sauyin da kwanan watansa ya fi kusa kawai. Layukan da ake so ki goge su ne tarihin yawon takobin, ranar da wani abu ya ɓata su za a fara dubawa. Kafin ki taɓa komai, ki kwafe fayil ɗin a kan filashi.

Abakar, Njamena:
Yaya Sa'adatu, na ƙwarya da sirdi ina zargin Excel. An taɓa fitar da jerin zuwa can aka dawo da shi? Kwamfutar da aka saita da Turancin Ingilishi, irin waɗanda ake sayowa daga Yola ko Mubi, tana ɗaukar 1987.10 a matsayin lissafi, ta yar da sifilin ƙarshe ya koma 1987.1. Mai saitin Faransanci waƙafi take amfani da shi a maimakon ɗigo, shi ya sa abin ba ya faruwa a kowace na'ura. Ki duba ko akwai 1987.2 biyu, babu 1987.20. Gidan lambar kaya a mai da shi na rubutu, ba na lissafi ba.

Baba Alhaji, Kusiri:
'Yata, na yi aikin nan tun ana rubutawa da alkalami. Duk gyaran da za ki yi, ki ɗauki abin a hannu, ki karanta lambar da ke jikinsa, ki gwada da littafi, sannan ki taɓa kwamfuta. In kuna da kayan yumɓu na Sao, mutanen da suka zauna a yankin Tafkin Chadi a zamanin da, da su za ki fara. Tun shekarar 2000 ICOM, majalisar gidajen tarihi ta duniya, ta sa su cikin jan jerinta na kayan tarihin Afirka da ake wawushewa. Abu biyu masu lamba ɗaya, in ɗaya ya fita ta bayan gida, rahoto zai ce yana nan.

Sa'adatu, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Malam Buba, sau ɗaya takobin ya fito a teburin kaya. Abakar, ka canka: sirdin 1987.10 ne a littafi, kuma babu 1987.20 a kwamfuta. Saura abu ɗaya, Malam: sauye-sauyen wuri da yawa ba a sa musu kwanan wata ba. Ta yaya tambayar za ta gane na ƙarshe?

Malam Buba, Marwa:
Ba za ta gane ba. Waɗannan ki ware su a takarda, ki shiga sito ki gan su da idonki, ki shigar wa kowanne sabon layi da wurinsa da kwanan watan da kika gan shi. Tsofaffin layukan ki bar su yadda suke.