Ƙwayar da aka rubuta wa Hajiya

Auta: Assalamu alaikum. Yau na karanta takardar cikin kwalin maganin da Hajiya take sha sati biyu ke nan. Amitriptyline ne, miligiram 25, maganin ciwon damuwa. Ita kuwa rashin barci kaɗai ya kai ta asibiti. Ni a ganina kuskure aka yi, a daina ba ta.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Auta, bi a hankali. Yanzu tana barci har asuba, rabonta da haka tun rasuwar Baba.

Kawu: Ba kuskure ba ne, 'yata. Na daɗe a harkar kyamis, likitoci suna rubuta shi haka. Yana danne sinadarin histamin a ƙwaƙwalwa, kamar yadda Piriton ke sa gyangyaɗi, shi ya sa ake ba da kaɗan da dare. Ga shi da araha. Kuma wallahi na fi yarda da shi a kan maganin barcin nan diazepam, da nake ganin yadda yake kama mutane su kasa rabuwa da shi.

Anti Nas: Kawu, ban musa yana kawo barci ba. Amma a 2018 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara bincike 23 a kan magungunan damuwa da rashin barci, ba ta samu hujjar bincike cewa amitriptyline yana maganin rashin barci ba. Doxepin kaɗan da trazodone ne suka ɗan taimaka, su ma na gajeren lokaci. Doxepin ɗin, miligiram 3 ko 6, shi Amurka ta amince da shi don barci a 2010.

Abin da ya fi damuna shekarunta. Hajiya ta haura saba'in, ta saba tashi alwala cikin dare. Maganin nan yana kawo jiri idan an miƙe, yana busar da baki, yana hana bayan gida, wani har fitsari yake riƙe masa. Tsohuwa ta faɗi a banɗaki ƙugu ya karye, kun san ba ƙaramin abu ba ne. Sannan a ɗauke kwalin daga kan gado, jikoki suna shiga, yawansa yana taɓa zuciya.

Auta: To kin ga, Anti, maganata ke nan.

Anti Nas: A'a, ban ce a daina ba. Wa ya shiga da ita wajen likitan? Mai yiwuwa damuwar ya gani. Farkawa tun kafin assalatu, ƙin abinci, yawan shiru, duk alamunta ne.

Auta: Gaskiya tuwon dare ma dawo da shi take yi. Jiya na same ta tana kuka a ɗakin Baba.

Kawu: Kun ji ko? Ni har yanzu ina ganin likitan ya san abin da ya rubuta. Amma goron la'asar da shayin dare, a rage mata.

Yaya Babba: Ranar Litinin zan mayar da ita da kaina. Anti, ki rubuto min tambayoyin da zan yi, musamman batun jirin nan. Auta, ki kwana a ɗakinta daga yau, ki bar fitila a kunne.