Kafin labarin siyasa ya iso kunnenmu a Maraɗi, hannu nawa yake bi?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum. A fada ɗaya ta hira a unguwar Bagalam ko Zariya za ka tarar mutum uku sun ji labari ɗaya da safe, amma da rana kowa da abin da yake rantsuwa a kai. Akwai ma'aikatan rediyo a cikinmu, akwai masu aikin iyaka, akwai masu bin diddigin abin da ke yawo a waya. Don Allah kowa ya yi bayanin sashen da ya sani, yadda aikin yake a zahiri.

Edita a wani rediyo mai zaman kansa:
Wa alaikumus salam. Mu fara da agogo, don shi ne babban edita, mu ƴan aikensa ne. Labarai na minti 15, in ka cire kiɗan buɗewa da kanun labarai da sallama, abin da ya rage bai wuce labari takwas ko tara ba, kowane minti ɗaya da rabi. Gwamna ya yi jawabin minti 20, daƙiƙa 40 za ta shiga iska. Wanda ya zauna gaban kwamfuta ya zaɓi daƙiƙa 40 ɗin nan, shi ya yanke wa gari abin da gwamna ya ce.

Kayan aikin safe kuma sananne ne: abin da ANP, wato kamfanin dillancin labarai na ƙasa, ta fitar, jaridar Le Sahel, sanarwar taron majalisar ministoci, sai takardun gayyata da suka taru a kan tebur. Jerin ma a bisa girman kujera ake yin sa. Shugaban ƙasa, firaminista, ministoci, gwamna, sannan a gangaro kan farashin tiyar hatsi da matsalar ruwan famfo. In lokaci ya ƙure, daga wutsiya ake yankewa. Mutum ya shekara yana jin haka, dole ya ɗauka siyasa ita ce tarbar baƙi da yanke kyalle, kuma tsadar hatsi ba ta da alaƙa da ita. Ba a yi masa ƙarya ko ɗaya ba, amma an karkata masa fahimta.

Mai fassarar labarai:
Malam edita, ka tsaya a rabin hanya. A gidaje da yawa da Faransanci ake rubuta labari, Hausa ta biyo baya. Takarda na iso wa mai fassara saura rabin sa'a ya shiga ɗaki, ga shi Hausa ta fi cin lokaci a baki, minti kuma ba a ƙara masa ba. To me zai zubar? Galibi wanda ya faɗa da kuma shakkar da ke cikin zancen. "A cewar wane" ta faɗi, "ana zargin" ta faɗi, abin da aka rubuta a matsayin zato ya fito a matsayin tabbas.

Sai kuɗi. Mu nan da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, jika ɗaya sefa 1,000. Gidan rediyon da ke Legas ko Abuja zai ce "sefa dubu biyar", tsohuwa a Tibiri in ta ɗauke shi da dala ta ji 25,000, alhali jika biyar ake nufi. Kasafin kuɗin ƙasa kuwa in aka zo miliyar kaza, mai karatu da mai saurare duk sun ɓace. Gyaran shi ne a raba wa mutum adadin da abin da ya sani, a ce kuɗin nan zai gina aji nawa.

Abin ya ɗan sauya tunda Janar Tiani ya riƙa yin hira da Hausa kai tsaye a talabijin ɗin ƙasa. Hirar 25 ga Disamba 2024, inda ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, babu mai fassara a tsakani, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, shi ma da Hausa ya mayar da martani. Sai dai wanda ya kalli hirar daga farko zuwa ƙarshe kaɗan ne. Mafi yawa guntun minti biyu suka gani a waya, kuma wanda ya yanko guntun yana da ɓangaren da yake so.

Mai kula da na'urori:
Hajiya, duk abin da kuka rubuta, in babu wuta a na'urar watsawa, ku kaɗai kuka ji abinku. Wutar Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa. Da Najeriya ta katse ta a watan Agusta 2023 bayan takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, gidajen rediyo suka koma kan gurup, wato janareta, gazuwal ya zama shi ke tsara shirye-shirye. Mai gida zai duba ya ga sa'o'in da ake biya, wato sanarwar biki da rasuwa da tallar magani, ya bar su. Muhawarar da babu mai ɗaukar nauyinta ita ake fara kashewa.

FM kuma ba ya wuce inda tsawon ƙarfen eriya da ƙarfin na'ura suka kai shi. Ƙaramin rediyon karkara kilomita ƴan gomomi yake rufewa, in batir ya tsufa ko ruwa ya shiga wayar da ke hawa ƙarfen, da'irar ta ƙara tsukewa ba tare da an sani ba. Gidajen waje su ma ta FM ɗin nan suke shigo wa mutane da sauti mai kyau. An dakatar da RFI da France 24 ranar 3 ga Agusta 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024, Muryar Amurka kuma daga can Washinton aka tsayar da ita a Maris 2025. Mai sauraro bai daina neman labari ba. Dattawa suka koma lalubar gajeren zango, matasa suka koma Facebook da TikTok, ƙauyukan kudu wajen Ɗan Isa da Madarumfa kuwa akwatinsu na kamo gidajen Katsina cikin sauƙi. Ka ga ɗan Nijar yana kwana da labarin ƙasarsa kamar yadda aka tsara shi a wata ƙasa.

Mai kula da talla da kuɗin shiga:
Zan faɗi wanda ba a son faɗa. Yawancin rahoton da kuke ji na taro, wanda ya shirya taron ne ya biya. Wani lokaci da rasit a ofis, wani lokaci ambulan ɗin "kuɗin mota" a hannun wakili. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Gane irin wannan rahoto ba wuya: za a jero sunayen manyan baƙi da muƙamansu har numfashi ya ƙare, ba za ka ji muryar wanda ke da ƙorafi ba, kuma za a maimaita shi safe da rana da dare ba a canza ko wasali ba. Ƙungiyoyin agaji ma haka suke sayen lokaci, shi ya sa wani wata duk gidaje za su kama zancen abu ɗaya, kwangila na ƙarewa zancen ya mutu kamar an warware matsalar.

A zaɓen 2020 da 2021 hukumar CSC mai kula da kafafen watsa labarai ta raba wa ƴan takara lokaci a kafafen gwamnati, amma a gidaje masu zaman kansu aljihu ne ke magana. Ɗan takarar da aka fi jin waƙarsa sai a ɗauka shi ya fi jama'a.

Editan, ya dawo:
Alhaji, gaskiya ka faɗa, amma kar a ɗora wa yaran nan laifin duka. Wakilin da albashinsa ke yin wata biyu bai fito ba, babu babur na gida, babu kuɗin mai, ka ce ya tafi Dakoro ko Mayahi ya ji ta bakin makiyaya? Inda aka aiko mota can zai tafi. Shi ya sa labarin birni ya danne na karkara. Studio Kalangou, da ta fara aiki a 2016, ta rage wani abu, tunda tana haɗa shiri da harsunan ƙasa tana ba gidajen da take hulɗa da su, amma shiri ɗaya daga Yamai ba zai maye gurbin wakili a kowace gunduma ba.

Mai aikin fiton kaya a iyaka:
Ni ga inda gajeren labari ke jawo asara. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumi. Kanun labari ya ce an ɗage, kasuwa ta ji "an buɗe boda", aka fara lodi. Najeriya ba ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren ba sai 13 ga Maris, Nijar kuma sai 22 ga Maris. Kusan wata guda ke nan tsakanin labari da ɗaga shinge. Mataki uku ne dabam-dabam: shawarar shugabanni, umarnin gwamnati, sai takardar da ta iso hannun jami'in duwan da ke bakin hanya. Rediyo na farkon yake bayarwa, direba kuma na ukun ne ya shafe shi. Duk mai kaya masu lalacewa ya kira wanda ke tsaye a Ɗan Isa ko Jibiya kafin ya biya kuɗin mota.

Haka zancen layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikin gina shi a Fabrairu 2021. Jaridun kudancin Najeriya suka ɗauke shi a matsayin Buhari na kashe kuɗin ƙasa a kan ƴan'uwansa na Nijar, na arewa suka ce hanyar kasuwanci ce, mu nan tambayarmu ita ce gonar wa za ta bi kuma wa zai biya diyya. Aiki ɗaya ne, kowa ya tsaya ta inda ya shafe shi, kuma wanda ke jin gida ɗaya tak zai rantse sauran mahaukata ne. Ƴan canji sun fi kowa sanin haka, murya ɗaya ta yawo da safe kan naira ta isa ta motsa farashi kafin azahar.

Mai shirin kiran waya:
Kar a ɗauki masu bugo waya a matsayin ra'ayin gari. Layi ɗaya ne ko biyu, shiri na sa'a guda bai ɗaukar fiye da mutum goma sha wani abu, kuma masu samun shiga su ne waɗanda suka ajiye lambar suna dannawa tun kafin a buɗe. Muryoyin nan dai su ne kullum, har mai gabatarwa ya san su da gaisuwa. Mata ba su cika kira ba, na ƙauye kuɗin kira ya hana su. A zamanin jam'iyyu har akwai waɗanda ake saya wa kati don su kira. In kana son ma'auni, ware minti goma na ƙarshe ka ce sai wanda bai taɓa kira ba, za ka ji wani gari dabam.

Mai bin diddigin hotuna da muryoyi:
Yayyena, yau abin da ya fi rediyo gudu shi ne muryar WhatsApp, tunda ba ta buƙatar karatu. Salonta kusan ɗaya ne: sallama, rantsuwa, "wani ɗan'uwana soja ne ya faɗa mini", babu rana, babu sunan gari, sai a rufe da "ku tura wa kowa". Rashin ranar nan da gangan ne, don murya ta shekara biyu tana dawowa sabuwa.

Bidiyo kuwa ga yadda ake duba shi. Tsayar da shi a inda hoto ya fi fitowa, ka ɗauki hoton fuskar waya, ka sa a Google Lens, sau da yawa za ka ga an taɓa saka shi shekarun baya a wata ƙasa. In bai fito ba, dubi lambar mota, kakin jami'ai, rubutun allon shago ko Faransanci ne ko Ingilishi, da ciyawa: an ce jiya aka ɗauka ga shi muna cikin bazara amma daji kore shar. Saurari Hausar da ake yi a bayan fage, ta Gobir ba ta ɓoyuwa, ta Kano ma haka. A ambaliyar ƙarshen Agusta 2024 hotunan Maraɗi na gaskiya sun isa tayar da hankali, duk da haka aka cakuɗa su da na wasu garuruwa. Yanzu ga muryar da ake ƙirƙira da kwamfuta, wadda wani lokaci ake ganewa da rashin numfashi tsakanin jimloli da karin sauti da ke faɗuwa inda Bahaushe ba zai faɗar da shi ba.

Mai koyar da aikin jarida:
Ƙanena, ƙara musu da doka, don masu turawa ba su san ta hau kansu ba. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri, a 2022 aka cire ɗaurin a kan ɓata suna da zagi, a Yuni 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a. Wanda ya tura bai tsira da cewa ba shi ya rubuta ba.

Wannan yana da tasiri a ɗakin labarai ma. In aka kai hari ko aka sace mutane a wajen Gidan Rumji ko Madarumfa, wakili na iya sani tun asuba, amma edita zai jira sanarwar hukuma kafin ya saka. A sa'o'in jiran nan waya ta riga ta cika da adadi iri uku, in sanarwar ta fito da nata sai a ce an rage. Hanyar da ta fi aminci ga gidan rediyo ita ce ya faɗi abin da ya tabbatar kaɗai, ko da sunan gari ne da lokacin da abin ya faru, ya ce adadi sai hukuma ta bayar, sannan ya dawo kan labarin a fitowa ta gaba ko da babu sabon abu mai yawa.

Mai kula da na'urori, ya ƙara:
Ga masu neman gajeren zango: da rana ku laluba mita 16 da 19, da dare ku sauko 31 da 41 da 49. Ku nisanta akwatin daga cajar waya da fitilar sola, su ke kawo ƙarar nan da ake ɗauka toshewa ce. Wayar lantarki mai tsawon mita biyar a ɗaure a kan eriya a rataya a katanga tana ƙara ƙarfin kamu sosai.