Wai dan Allah me ake yi ne a cibiyar binciken noma ta Samaru, kuma talaka zai iya shiga?

Ɗan Giwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Dan Allah ina da tambaya ga duk wanda ya sani, wannan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ake ce ma IAR, takamaimai me suke yi a ciki? Ni ƙaramin manomi ne, masara da wake nake yi a gonar mahaifinmu, kullum sai ka ji a rediyo an ce an fitar da sabon iri amma mu a nan irin da muke samu na kasuwa ne wanda ake aunawa a tiya, bara na sayi wani a hannun wani mai shago ya ce min ingantacce ne, wallahi kusan rabi bai tsiro ba, wanda ya tsiro ɗin ma kowanne da tsayinsa. To shi ne nake so in sani, mutum irina da ba shi da kowa a jami'a zai iya zuwa ya sayi iri ko ya yi tambaya, ko wurin na manyan kamfanoni ne da masu digiri kawai? Sannan waken nan da ake cewa tsutsa ba ta cin sa, gaskiya ne?

Tsohon Malamin Gona:

Wa alaikumus salam yarona, Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Tambayarka ta yi min daɗi don aikin da na yi ke nan har na yi ritaya, kai wa manomi abin da masu bincike suka gano.

Wurin nan ya girmi jami'ar kanta. Tun 1922 aka fara bincike a Samaru a ƙarƙashin sashen aikin gona na lardunan Arewa, sai a 1962 da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello aka haɗa shi da ita. Gwamnatin tarayya ta raba wa cibiyoyi amfanin gona ne, kowa da nasa. Samaru ke riƙe da dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga, gero da alkama suna hannun cibiyar Tafkin Chadi da ke Maiduguri, shinkafa da waken suya kuma Badeggi a jihar Neja. Duk irin da ka ga sunansa ya fara da SAM to daga Samaru ya fito, SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, SAMCOT auduga. Kuma ba a Zariya kaɗai suke gwaji ba, suna da tasha a Kano da Kadawa inda ake noman rani da Talata Mafara, domin irin da ya yi kyau a ruwan Zariya ba lallai ya yi a inda damina ke da gajarta ba.

In kana so ka san amfanin wurin ka tambayi dattawan garinku labarin gyaɗa a 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a Arewa bayan farin da aka sha, mutane da yawa daga nan suka bar nomanta. Irin gyaɗar da ke jure cutar kuma ta nuna da wuri kamar SAMNUT 24, aikin shekaru ne na mutanen nan tare da abokan aikinsu na waje. Haka ƙuduji a gonar masara da dawa, an fitar da irin da ba ya gama musu aiki kamar da.

Yanzu ga inda matsalarka take, ka natsu ka ji. Masanin da ya ƙirƙiro iri ɗan kaɗan ne a hannunsa, daga shi ake ninka irin tushe wanda ma'aikata ke cewa fandeshan, daga fandeshan kamfanonin iri da manoman da suka ɗauka kwangila su noma wanda aka tantance, shi ne satifayid, shi ya kamata ya iso hannunka a cikin leda ko buhu mai lamba. Hukumar kula da iri ta ƙasa NASC ita ke sa ido a kan wannan matakin, har ta fito da wata lamba da ake kankarewa a jikin leda a tura ta waya a ga ko na gaske ne. Abin da aka auna maka a tiya hatsi ne kawai ko da an shafa masa jan magani. Batun shiga kuwa, wurin na gwamnati ne, da kuɗin jama'a ake aikin, ka je ranar aiki da safe ka ce sashen iri kake nema, kuma ka leƙa NAERLS da ke maƙwabtaka da su, su aikinsu ke nan haɗa bincike da manomi, suna buga ƙananan littattafai har da na Hausa suna kuma shirye-shiryen rediyo.

Maman Ilham:

Baba ya gama magana, ni ɗan abin da zan ƙara a kan mutanen da ke ciki ne tunda na yi aikin sanin makama a irin wannan wurin lokacin ina karatu. Mutane sun ɗauka duk farfesoshi ne a ofis da farar riga, alhali yawancin aikin a rana ake yin sa. Akwai ma'aikatan leb masu auna ƙasa su gaya maka abin da ta rasa, akwai masu kiwon ƙwari da gangan a cikin kwalabe don a saka su a kan shuka a ga wacce za ta jure, akwai leburorin gona da wasunsu sun fi ɗalibi mai digiri na biyu gane iri da ido, ga mata masu tsintar iri da suke zama su ware shi ƙwaya ƙwaya. Auren wake da hannu ake yi, a buɗe furen da ɗan hantsaki tun bai buɗe da kansa ba a cire namijin a kawo garin wani furen a shafa a ɗaura masa alama, da yawa su zube kaɗan su kama, sannan a yi ta shukawa ana zaɓe shekara da shekaru kafin a kai gonakin gwaji a jihohi daban daban da gonakin manoma, sai a ƙarshe kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya amince a ba shi suna. Shi ya sa in na ji ana cewa ba sa komai raina yake ɓaci.

Waken da ka tambaya shi ne SAMPEA 20-T, an amince da shi a 2019, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin kuma sun yi kusan shekara goma a kai. Tsutsar nan mai shiga fure da kwanso ita yake karewa, masu binciken sun ce maimakon feshi shida zuwa takwas, biyu ya isa. Amma dan Allah kar ka ce ba feshi gaba ɗaya, sauran ƙwari masu tsotsar kwanso da masu lalata fure suna nan, kuma ba ya hana ƙwaron rumbu bayan girbi.

Abu Sadiq KD:

Ni dai kam ina da ja. Na farko waken nan da masarar TELA da suka fitar a farkon 2024 ai an sauya musu halitta ne, an ɗauko wani abu daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasa an saka musu, kuma fasahar daga waje aka kawo ta, me zai hana a yi wa mutane bayani ɓaro ɓaro a kasuwa da masallaci kafin abu ya shiga tukunyarsu? Mutum yana da haƙƙin ya san me yake ci. Na biyu Baba da girmanka, shekara sama da ɗari ana bincike amma yaron da ke Giwa, nan da Samaru tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, bai san yana iya shiga ba, wannan kaɗai ai ya isa a gane akwai gyara. Takardu ake rubutawa da Turanci don ƙarin girma a wurin aiki, manomi ba ya karanta su.

Tsohon Malamin Gona:

Malam Abu Sadiq maganarka ta biyu ban musa ba ko kaɗan, ita ce ta fi ci min rai. Lokacin da hukumomin raya karkara na jihohi irin su KNARDA ta Kano ke da ƙarfi da tallafin Bankin Duniya, malamin gona yana da babur yana da ƙauyukan da yake zagayawa, ana kiran mu horo a kai a kai, mu yi gonar gwaji a bakin hanya kowa ya gani da idonsa. Da tallafin ya ƙare jihohi da yawa ba su ɗauki sababbi ba, tsofaffi muka yi ta ritaya. Abin ya zama kamar an haƙa rijiya mai ruwa an bar ta ba guga. Amma ka sani mutanen Samaru ba baƙin sauraron manomi ba ne, tun shekarun 1960 zuwa 1970 wani Bature David Norman da abokan aikinsa suka zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi suna rubuta aikinsu, suka nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya da iyayenmu ke yi dabara ce mai rage asara, a lokacin da ake ganin abin rashin wayewa ne.

Batun sauya halitta kuwa akwai hukuma ta daban NBMA da aka kafa a 2015, ita ke ba da izini ba cibiyar ba. Na yarda da kai a kan bayani, a faɗa wa mutum gaskiya da harshensa ya zaɓa, wanda bai natsu ba ga sauran SAMPEA da SAMMAZ da yawa da aka samar ta hanyar aure da zaɓe kawai.

Na Maraɗi:

Sallama daga Nijar. Mu nan cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN muke da ita, tun 1975, kuma tasharta ta Tarna tana nan kusa da mu. Abin da ya sa mutanen ƙauye sunka san da su, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi ce, sai sunka riƙa kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kashe ta suna sa shi cikin 'yan buhunan algarara ana ajewa cikin garuruwa ya fita ya bazu gonaki, manomi da kanshi ke riƙe buhun yana kallo. Hakanan buhun nan mai leda biyu ciki na ajiyar wake ba magani, a kasuwa da tsakar gari anka riƙa cika shi gaban jama'a a ɗaure, bayan watanni a buɗe gabansu. Ɗan Giwa in ka samu waken ka nemi buhun, shi zai tsare maka shi daga ƙwaron rumbu da Hajiya ta faɗa.

Ɗan Giwa:

Na gode ƙwarai Baba, Hajiya, da sauran 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. In sha Allah zan haɗa kai da abokaina mu je tare kafin ruwa ya sauka. Saura abu ɗaya Baba, in na sayi irin zan iya ajiye nawa in sake shukawa baɗi ko duk shekara sai na saya?

Tsohon Malamin Gona:

Ya danganta da abin da ka saya yarona. Wake da gyaɗa kansu suke aura, in ka ware gonar ka cire duk wanda ya fita daban ka adana da kyau zai yi maka wasu shekaru. Masara iska ke ɗaukar garin furenta daga gonar maƙwabci, don haka ko wadda ba mai aure ba ce, wato wadda ba a haɗa iri biyu aka samar da ita ba, bayan damina biyu zuwa uku ka sabunta. Mai aure kuwa, har da TELA, duk shekara sabo ake saya, in ka maimaita amfanin zai ragu kuma za ka ga tsayi ya bambanta kamar yadda ka gani bara. In kun je ku faɗa musu garinku da lokacin da ruwa ke ɗaukewa a wurinku da ko gonar tana da ƙuduji, ku tambayi kwana nawa irin yake yi, sannan ku karɓi rasit ku ajiye ledar har bayan girbi.