Neman shawara: in, on, at da his/her sun hana ni sakat

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe wa kawuna lissafin shagonsa na kayan gyaran babur a nan Maraɗi, kuma yanzu rabin cinikinmu ta WhatsApp ake yin sa, da dilolin Legas da wani ɗan Sin. Dukansu Ingilishi suke rubutowa. Na yi shi a lakwal har tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, kalmomi ina da su, amma wurin haɗa jimla ƙananan nan ke watsa ni: in, on, at, to, for, sai his da her. Ga saƙon da na tura jiya, mutumin Legas alamar tambaya kawai ya maido mini:

"I am waiting you since Monday. Explain me the price. My aunt will send his driver in Friday."

Don Allah ku duba mini. Abin nan yana da ƙa'ida, ko haddacewa ake yi kamar karatun allo?

Mushe Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Jimla uku ka rubuta, gyara biyar ke ciki. Ga yadda ya kamata:

"I have been waiting for you since Monday. Explain the price to me. My aunt will send her driver on Friday."

Bari in fara da his, don shi ne ya rikita mutumin, bai san direban wa za a turo ba. Faransanci ne ya ja ka. Bafaranshe abin da aka mallaka yake dubawa, shi ya sa "son chauffeur" ba ya canzawa ko mai direban mace ce ko namiji. Ingilishi kuwa mai abin yake dubawa, kamar Hausarmu: direbansa, his driver, direbanta, her driver. Motarsa his car, motarta her car. Na shekara ina faɗa wa ɗalibaina, in kun zo kan his da her ku ajiye Faransanci, ku yi tunani da Hausa. Wuri ɗaya Hausa za ta yaudare ka: mu komai namiji ne ko mace, mota ita ce, injin shi ne, su kuma duk it ne. Kar ka ce wa dila "she is broken" kana nufin taya.

Lokaci yana da ƙa'ida mai sauƙi. Ƙarfe kaza at: at 8 o'clock. Rana on: on Friday, on 3 August. Wata da shekara in: in August, in 2025. Mu "a" ɗaya tilo ke ɗaukar mana wannan kaya duka, a Maraɗi, a kasuwa, a bana, shi ne tushen wahalar.

Since kuma, in abu ya faro baya kuma yana nan har yanzu, sai da have. Mu muna cewa ina jiranka tun Litinin, Faransanci ma haka yake da depuis, amma Ingilishi bai yarda ba. In tsawon lokacin za ka faɗa sai for: for three days.

Ɗan Bagalam:
Allah ya ƙara girma Mushe. To waiting for ɗin fa, ita wace ƙa'ida ce?

Mushe Mai Ritaya:
Nan kam babu ƙa'ida, ɗana, sai hadda. Amma kar ka haddace for ita kaɗai, ka riƙe ta manne da aikatau ɗinta: wait for, look for, listen to, depend on. Wait, look for da listen a Faransanci kai tsaye suke kama abin da ke bayansu, attendre, chercher, écouter, shi ya sa yaranmu ke yar da ƙaramar kalmar. Akwai kuma na kishiya, inda muke cusa ta ba a gayyace ta ba: answer me, call me, enter the shop, discuss the price, babu to, babu about.

Yayar Zariya:
Ƙanena, tunda harkar kuɗi kake, riƙe waɗannan kafin komai. Mutum ake pay, kaya kuwa pay for: I paid the driver, amma I paid for the tyres. Sannan on Friday da by Friday ba ɗaya ba ne. On Friday ranar Juma'a ce cif. By Friday yana nufin nan da Juma'a, kar ya wuce. In kana son kaya su iso kafin ka rufe lissafin mako, by za ka rubuta.

Sai borrow da lend. Mu tushe ɗaya muke juyawa: na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi, na ari kaya, na ara masa. Su kalmomi biyu ne. Mai karɓa borrow from, mai bayarwa lend. In ka rubuta "I borrowed him 200,000" kana nufin kai ka ba shi, wani zai karanta ya ɗauka kai ake bi.

Alhajin Tasha:
Ku bar wahalar da yaron nan. Tun kafin a haife shi nake bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Kano, ban san have been ba, kuma ban taɓa dawowa da mota wayam ba. Su kansu 'yan Najeriya "borrow me" suke cewa. Ciniki lamba ce, rubuta adadi da farashi, shi ke nan.

Yayar Zariya:
Gaskiya ne Alhaji, ranka ya daɗe, a baki ana cewa haka kuma ana ganewa. Amma ku ido da ido kuke ciniki, galibi ma da Hausa. Shi rubutu yake turawa ga wanda bai taɓa gani ba, ranar da aka yi gardama kuma saƙon nan za a buɗe. Ɗan Sin ɗin ma wataƙila manhajar fassara yake sa wa saƙon, ita kuwa abin da ka rubuta take juyawa, ba abin da ke ranka ba.

Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko:
Ɗan uwa, ni abin da ya fisshe ni kaye guda na ware, wato littafin rubutu. Duk jimlar da na gani daidai sai in kwafe ta ɗungurungum, gobe in canza suna ko rana in yi aiki da ita. Sa waɗannan a shafin farko: tell me amma say to me, I want to buy amma I must buy, babu to bayan must da can, send it back, ba send back it ba, don it tsakiya take shiga. Kuma wurin faɗin shekaru I am 24, ba I have 24 ba, nan Hausa da Faransanci duka suna kayar da mu. Tunda kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka fitar a 2025 ya sa Ingilishi cikin harsunan aiki na ƙasa tare da Faransanci, ina ganin koyon ba na shago kaɗai ba ne.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai. Ga wanda zan tura yanzu: "I paid for 40 tyres on Monday. Please send them by Friday and call me when the driver leaves." Ya yi?

Mushe Mai Ritaya:
Ya yi, tura. In tayoyin kamfani biyu ne ka ƙara sunan wanda kake so kafin tyres, kar a loda maka wanda bai karɓuwa a Maraɗi.