Ina ake samun askirim mai kyau da araha a wannan bazarar?

Mai tambaya, daga wani ƙauye a ƙasar Gaya:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni malamin firamare ne, da yara biyar a gabana har da 'yar ƙanwata da nake riƙo, kuma tun da watan Afrilu ya kama, zafi yana haura digiri 40 da rana, ba su da wata magana sai ta askirim. Abin da zan iya warewa don wannan kwaɗayi bai wuce naira 2,000 a mako ba, domin ga kuɗin taki da na iri suna jirana kafin faɗuwar damina. Makon jiya na saya musu na leda a bakin tasha, da aka yage bakin ledar sai ga ruwa mai launi yana ɗiga, sauran kuma ƙanƙara ce mai kaushi kamar yashi, har autar ta tsotsa sau biyu ta miƙo mini. Ina roƙon wanda ya san inda ake samun mai kyau a yankinmu, ba tare da na biya kuɗin mota zuwa Kano ba, ya taimaka mini.

Tsohon mai tallan askirim a keke, daga Wudil:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina tuƙa keken askirim, saboda haka na gane abin da aka sayar maka tun kafin ka gama bayani. Askirim ne da ya narke, aka mayar da shi firiza ya sake daskarewa. Idan haka ta faru, ruwan da ke cikinsa yakan rabu da madarar ya zama manyan ƙwayoyin ƙanƙara, kuma babu sanyin da zai maido masa da laushinsa. Ana son a ajiye shi a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, ka kuwa san yadda wuta take a garuruwanmu.

Don haka lokacin saye ya fi wurin saye muhimmanci. Mai keke yana ɗaukar kaya da safe, akwatinsa kuma ba ya ƙera sanyi, riƙewa kawai yake yi, saboda haka abin da za ka saya da hantsi ba ɗaya yake da na bayan la'asar ba ko da kuɗinsu ɗaya ne. Ka matsa ledar da yatsa: idan ta yi tauri ko'ina kuma ba ta karkace ta taru a gefe guda ba, ka saya. Ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Na kamfani irin su Fan Milk, wanda ya fara aiki a Ibadan tun shekarun 1960, suna zuwa Wudil, kuma ranar Juma'a da kasuwa take ci kaya ba sa kwana a hannu. Sai dai in gaya maka gaskiya, da wuya naira 2,000 ta zagaya yara biyar fiye da sau ɗaya.

Wata uwa, daga Ringim:

Malam, ni ban ga dalilin da zai sa ka zuba kuɗinka a na kamfani ba, alhali maiɗakinka za ta iya haɗa wanda ya fi shi. Ta jiƙa garin 'ya'yan kuka, wato farin nan mai tsami, ta tace shi, ta dama madarar gari da kauri, ta haɗa da sukari. Tsamin kukar ne yake sa madarar ta ƙara kauri, shi ya sa yake fitowa da santsi a harshe. In akwai kindirmo mai kyau, ya fi madarar gari daɗi a wurina, sai dai a rage kukar kada tsami ya yi yawa. Kada ta yi rowar sukari, domin shi ne yake hana shi yin tauri kamar dutse. Na taɓa ragewa don tsimi, sai da yarana suka riƙa buga ledar a turmi.

Mu ba mu da firiza. Akwai mai shago a unguwarmu da yake da mai amfani da sola, muna ba shi ɗan abin da ya sauwaƙa ya ajiye mana daga magariba zuwa safiya.

Ma'aikaciyar lafiya, daga Gumel:

Na yarda da shawarar Hajiya, amma da sharaɗi guda. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi, da zarar abin ya narke sai su ci gaba da aikinsu. A tafasa ruwan da za a jiƙa kuka da madara, a bar shi ya huce a rufe, kuma kada a hura leda da baki don a buɗe ta. Wanda ya narke a hannun yaro kuma kada a mayar da shi firiza.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Mun gwada na kuka jiya, an samu leda 14, sai dai tsami ya ɗan yi yawa, don haka maiɗakina ta ce za ta rage kukar. Hajiya, ko za ki faɗa mana cokali nawa kike zubawa a kofi ɗaya na madara?