Wane suna za mu ba "derailleur" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Musu ne ya kawo ni. Jiya da la'asar a rumfar mai gyaran kekenmu aka yi ta ja-in-ja kan giyar keken hawan dutse: ta da da ta yanzu, wacce ta fi ƙarko? Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani na gefe guda, masu cewa karen bana shi ke maganin zomon bana na ɗaya gefen. Sai da muka kusa cinye awa guda sannan na lura kowa da abin da yake nufi. Wannan sarƙa yake nufi, wancan abin dannawa na hannu, na uku kuma ƙarfen nan mai 'yan tayoyi biyu da ke reto a gefen tayar baya. Duka "giya" muke ce musu. Ga kuma ɗaya giyar, wadda in ka ce ta cinye maka kuɗi a gaban surukinka sai ya ɗago kai ya dube ka.

Wannan ƙarfe mai reto nake nema wa suna, wasunku kuma sun riga sun kawo shawarwari, zan amsa su ɗaya bayan ɗaya. Derailleur ake ce masa, Turancin Ingilishi ma aro ya yi daga Faransanci, daga kalmar da suke faɗa in jirgin ƙasa ya sauka daga kan dogo. Aikinsa biyu ne. Yana tura sarƙa daga wannan faifan haƙora zuwa na kusa da shi, yana kuma janye rarar sarƙar don kada ta yi sako-sako.

Malam, na ga shawararka ta "magoci", kuma a nahawu ba ta da aibu, an gina ta yadda aka gina mabuɗi da matsefi. Matsalata ita ce a kunnen Bahaushe gocewa ɓarna ce. In na ce wa yaron shago sarƙa ta goce, sauka zai yi ya mayar da ita, ba zai ɗauka na canja giya ba ne. Faransawa sun saba da tasu har sun daina jin ɓarnar a ciki, mu ko yanzu za mu fara.

"Masauyin sarƙa" ma na ajiye shi, don sauya sarƙa a bakinmu cire tsohuwa ne a sa sabuwa. Ɗan'uwana na Maraɗi da ya ce a bar kalmar yadda take a rubuta ta "derayar", hujjarka mai ƙarfi ce, haka muka samu birki da feda da boris. To amma mu na wannan gefen iyaka da lafazin Ingilishi za mu ji ta, sai a wayi gari abu ɗaya ya yi suna biyu da ba su yi kama da juna ba.

Ni dai "jagoran sarƙa" na tsaya a kai, a taƙaice jagora. Jagora ba ya ɗaukar kayan tafiya, hanya kawai yake nunawa, kuma haka wannan ƙarfe yake: ƙarfin ƙafarka ta saman sarƙa yake bi, shi kuma a ƙasa yake, inda sarƙar ke dawowa ba nauyi. Tarihinsa ma ya goyi bayan sunan. A 1964 kamfanin SunTour na Japan ya karkata jikin ƙarfen ta yadda 'yar tayar sama za ta riƙa bin gangaren fayafayan kusa-kusa, daga ƙarami har babba, ba ta yi nisa da su ba. Da wa'adin haƙƙin mallakar ya ƙare a 1984 sai sauran kamfanoni suka ɗauka, kuma har gobe a kan wannan fasali ake ƙera yawancinsu.

Yanzu da muka sami suna, sai a koma musun da hujja. Nan ma kalmomi biyu muke cakuɗawa. Ƙarko shi ne daɗewa kafin abu ya cinye. Aminci shi ne kada ya ba ka kunya a tsakiyar daji. Ba dole ba ne a same su wuri ɗaya.

Jagoran da, irin samfurin Deore XT na kamfanin Shimano da ya fara fitowa a 1982 da waɗanda suka biyo shi zuwa farkon shekarun 1990, har yau ana ganinsu a kan kekunan gwanjo suna aiki. Ba sihiri ba ne. Galibi fayafai 6 ko 7 ne a baya, tazarar da ke tsakaninsu milimita 5 ko fiye da haka, don haka ko jagora ya ɗan karkace sarƙa za ta sami wurinta. Wasu abubuwan dannawa na lokacin ma suna da 'yar makunna: in ƙidayar "ƙas-ƙas" ta rikice sai ka kashe ta, ka riƙa lalubo giya da babban yatsa har ka isa gida. Wannan shi ne aminci. Na yau kuwa fayafai 12 aka cusa a kusan wurin da ya ɗauki 8, tazarar ba ta kai milimita 4 ba. Keke ya faɗi sau ɗaya a ɓangaren dama, sai ka ji sarƙa na tsalle.

Amma Baba, kai da ka ce na yanzu duk kwali ne, a yi adalci. Tsohon keke faifai uku gare shi a gaba da nasa jagoran, kuma a kan gangara mai duwatsu sarƙa faɗuwa take yi, tana dukan firam har ta kankare fenti. Wajen 2011 Shimano ya sa wa jagoran baya kuloci mai hana shi lilo, a 2012 kamfanin SRAM ya fito da tsarin faifai ɗaya tak a gaba, mai haƙora siriri da kauri bi da bi, suna riƙe sarƙa gam. Jagoran gaba da wayarsa da abin dannawarsa duka suka tafi, abin da babu shi kuwa ba ya lalacewa. Sirancin sarƙa ma ba shi ne rauninta ba, faɗinta aka rage daga wajen milimita 7 zuwa 5 da 'yan kai, amma cinyewa a ƙusoshin gaɓoɓi take faruwa, ƙura da ƙazamin mai ke jawo ta. Abin da ya canja shi ne haƙuri: ta da sai ta miƙe da kashi 0.75 cikin ɗari ake cire ta, ta yau a 0.5, in ka yi sakaci ta cinye fayafan da suka ninka ta tsada. Shimano da kansa ya amsa wannan kuka a 2021 da jerin fayafan da ya kira Linkglide, mai haƙora masu kauri, an yarda da ƙarin nauyi don a sami ƙarko.

Saura guda. Ɗan guntun alminiyon da ke haɗa jagora da firam, "maratayi" na ce masa, kuma ban ga wanda ya yi gardama ba. Da gangan aka yi shi da laushi don ya lanƙwashe a madadin firam, shi ya sa "ragon fansa" da wata 'yar'uwa ta kawo ya ba ni dariya ya kuma burge ni. Sai dai a 2023 SRAM ya fito da jagoran da ake ɗaurawa kai tsaye a kan ƙarfen tayar baya, babu maratayi sam.

Da safen nan na gwada. Na tura keken rumfa na ce, "Oga, duba min jagora, kamar maratayinsa ya lanƙwashe." Ya dube ni, ya dubi keken, ya tsuguna daidai wurin bai tambaye ni komai ba. Jerin fayafan baya ne ban samar wa suna ba tukuna, don Turawa kaset suke ce masa, da na faɗa kuwa yaron shago ya tambaye ni na wa'azi ko na waƙa.