Lasisin Kare da Ƙorafin Haushi a Jamhuriyar Ayilan: Shawarwarin da Aka Tattara

A wata tattaunawa kan lasisin kare da yadda za a yi da haushin karen maƙwabci a Jamhuriyar Ayilan, shawarar da masu tattaunawar suka fi nanatawa ita ce mai kare ya fara cika ƙa'ida kafin wata gardama ta taso. Dokar kula da karnuka ta 1986 ta wajabta lasisi ga duk karen da ya haura wata 4, ana kuma sayen lasisin a gidan waya kan yuro 20 a shekara, ko yuro 140 na tsawon rayuwar karen. Tun 2016 kuma dole ne a dasa wa kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata.

An fi daɗewa kan batun haushin dare. Akasarin mutane sun ce a fara samun maƙwabcin da magana cikin mutunci, domin sau da yawa karen yana yin haushin ne lokacin da mai shi ba ya gida, don haka bai san damuwar da ake ciki ba. Ina ganin wannan shi ne daidai, tunda rashin barci cuta ce ta gaske, amma gaba tsakanin maƙwabta takan daɗe fiye da matsalar da ta haddasa ta. Idan magana ta ci tura, sai a riƙa rubuta ranaku da lokutan haushin, a sanar da mai karen a rubuce, sannan a shigar da ƙara a kotun gunduma, wadda ke da ikon umartar a rage haushin, ko a taƙaita yawan karnukan gidan.

Karen da ke yawo ba mai kula kuwa, jami'in karnuka na ƙaramar hukuma ake kira.